Fim Ɗin da Babu Fuskar Malam Datti

Ba korar wulaƙanci Malam Datti ya yi wa Kawu Sammani ba, wannan kam kowa ya shaida. An shimfiɗa masa tabarma, an kawo fura mai sanyi, an taɓa hirar tumatir da tsadar taki. Sai da aka gama duk wannan Malam Datti ya gyara zama ya faɗi abin da ke ransa.

"Sammani, ban ƙi yaron nan don gidanku ba, gidan mutunci ne. Sana'ar da yake koyo ce ba ta kwanta mini ba. Mutumin da aikinsa shi ne ya ƙura wa babba da yaro ido ta cikin gilashi, ya kwashi fuskarsu ya kai wa duniya, a ina zai samo kunya? Ni kuwa ba zan ba marar kunya 'yata Ummulkhairi ba. A dakata tukuna."

Yaron da ake magana a kansa shi ne Maharazu, ɗan ƙanen Sammani, wanda a ranin 1987 yake shekararsa ta ƙarshe a jami'a a Kano, yana karatun aikin jarida da talabijin. Ƙauyensu na tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwan Tiga ke bin kanal ya ratsa gonaki, rani ya zama kamar damina. Ummulkhairi kuwa ta gama kwalejin horon malamai, tana koyarwa a firamaren garin. Sun daɗe suna son juna, irin son da ko kajin unguwa sun san da shi.

Da "a dakata" ɗin ta tsaya ita kaɗai, da da sauƙi. Amma akwai Baballe.

Baballe dillalin tumatir ne, mai a-kori-kura sabuwa fil, wanda ke loda kwanduna a bakin titin Zariya ya tura Ikko. Ba mugu ba ne, a yi masa adalci. Illarsa ɗaya, duk inda ya tsaya so yake a san ya tsaya. Shi ma ya tura manyansa gidan Malam Datti, an ce musu za a ba da amsa in an gama ɗiban tumatir.

Abin da ya hana Maharazu mutuwar tsaye shi ne Iya, mahaifiyar Malam Datti. Tsohuwar ta ce ita ba wanda ya isa ya hana angonta zuwa gaishe ta. Don haka duk ƙarshen mako sai ya zo da ɗan goro da sabulu ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, ita kuma nan take sai ta tuna tana bukatar Ummulkhairi ta zo ta tsince mata shinkafa.

A irin wannan gaisuwa ce ya ba su labarin aikin da aka ba su a aji. Kowane ɗalibi zai yi fim na minti goma a kan wata sana'a ta garinsu, ya ɗauka da kansa, ya tace da kansa. Shi rabon ruwa yake so ya ɗauka. Matsalar ita ce, mutumin da manoman layin kanal ɗinsu suka zaɓa yana buɗe ƙofar ruwa yana raba wa kowa, ba wani ba ne illa Malam Datti.

"To mene ne a ciki?" in ji Iya. "Ni na haife shi. Bari ya shigo."

Abin da ta faɗa wa ɗan nata, Allah kaɗai ya sani. Washegari dai saƙo ya iske Maharazu: aikin makaranta daban, maganar aure daban, ya zo ya ɗauka. Sharaɗi ɗaya ne, kafin a nuna wa baƙi, shi Malam Datti zai fara gani a zaurensa.

*

Ranar da ruwa ya zo layinsu, tun da hantsi suka isa gona shi da Hananiya, abokin karatunsa. Hananiya ɗan Kagoro ne, amma a Kadawa ya girma inda mahaifinsa ke tuƙa tarakta, Hausarsa har ta fi ta wasu 'yan birni daɗi. Maharazu ya saɓa kyamara a kafaɗa, nauyinta kamar rabin buhun taki. Hananiya ya rataya jakar na'urar da kaset ke ciki, ya riƙe abin ɗaukar murya. Wata igiya mai kauri ta haɗa su, in ɗaya ya matsa dole ɗayan ya bi, kamar shanun huɗa. Sun zo da ƙafafun da ake ɗora kyamara a kai, amma da suka kafa su sai suka nutse cikin taɓo, dole aka koma kafaɗa.

Safiyar ta yi kyau ƙwarai. Alkama kore shar a gefe guda, tumatir ja jawur a ɗaya gefen, balbelu na bin bayan ruwa suna tsintar ƙwari. Maharazu ya ɗauki kanal, ya ɗauki ƙofar ƙarfe tana ɗagawa, ya ɗauki ruwa yana gangarowa da karan da ya kwaso. Zuciyarsa fes. A ransa yana cewa ashe abin ma ba wuya.

Sai ga Malam Datti ya iso, ya naɗe wando zuwa gwiwa, da lanƙwasassun bututun roba a kafaɗa.

Maharazu ya durƙusa da kyamara da komai, har ya kusa jawo Hananiya ƙasa.

"Barka da hantsi, Baba."

"Barka kadai. Tashi ka yi aikinka. Ina zan tsaya?"

Wannan tambaya ta fi duk jarrabawar da Maharazu ya taɓa yi wuya. Yaya za a yi ya ce wa mahaifin Ummulkhairi tsaya nan, juya can? Sai ya sunkuya ya raɗa wa Hananiya, Hananiya kuma ya ɗaga murya.

"Baba, a ɗan matso bakin kanal, don Allah. Yawwa. A yi aiki kawai kamar ba ma nan."

Malam Datti ya tsoma bututu cikin kanal har ya cika, ya toshe bakinsa da tafin hannu, ya fizgo shi ya tsallake gaɓa, ya saki. Ruwa ya kama kwarara da kansa cikin fangali. Ya ɗauki na biyu, ya ɗauki na uku, yana yi yana bayani cikin natsuwa: yadda ake fara ba na ƙarshen layi don kada a manta da shi, yadda ake gane ƙasa ta ƙoshi, yadda ake lallashin wanda ya ga kamar an rage masa. Maharazu ya manna idonsa a ɗan gilashin da ake leƙawa, yana jin daɗin muryar har cikin ransa.

Da suka nemi a maimaita wani wuri, Malam Datti ya girgiza kai.

"Ruwan nan ba nawa ba ne ni kaɗai. In na tsaya maimaici, gonar wani za ta wuni da ƙishi. Ku biyo ni, ku ɗauki na gaba."

Suka bi shi. Lokaci zuwa lokaci yakan ɗago ya dubi kyamara in yana son a ji wata magana sosai, Maharazu kuwa yana ji a jikinsa cewa yana ɗaga ta yana ɗaukar fuskar. Ya rantse yana ɗagawa.

Ana cikin haka a-kori-kura ta tsaya a kan hanya. Baballe ya fito da shadda ruwan ƙasa da baƙin tabarau, wai ya zo duba kwanduna. Kwandunan kuwa ko ta ina aka juya kyamara, can suke. In aka juya gabas yana gabas yana nuna wani abu da makullin mota, in aka juya yamma ya riga su isa.

"Malam ɗan jarida, hoton yana fita kuwa?" ya tambaya. "In kana son tambaya a kan kasuwa, ga ni."

"Mun gode," in ji Maharazu. Ya ɗauke shi kaɗan don a zauna lafiya.

Hananiya ya so su mayar da kaset baya su duba abin da suka samu, amma batir ya yi ƙasa, ga ɗiban tumatir ba su ɗauka ba. Suka bar dubawa sai Kano. A motar komawa Maharazu har da 'yar waƙa yake yi ƙasa-ƙasa.

*

Ɗakin tace hoto na makarantar ƙarami ne, ba taga, ga sanyin na'ura har cikin ƙashi. Na'urori biyu ne a jere da talabijin biyu. Ɗaya tana nuna abin da ka ɗauko, ɗayar tana kwafar abin da ka zaɓa a kan sabon kaset, bi da bi. In ka yi kuskure a tsakiya, sai ka sake daga nan har ƙarshe. Ɗalibai layi suke bi, kowa da ranarsa.

Suka saka kaset na farko. Kanal ya fito tsaf, balbelu suka fito, Hananiya ya bugi kafaɗar abokinsa. Sannan muryar Malam Datti ta cika ɗakin, ga hannunsa a bakin bututu, ga ƙafarsa cikin taɓo.

Suka jira fuska.

Hoton ya fara hawa. Gwiwa, aljihun riga, ƙirji, ƙarshen gemu. Daidai lokacin da idanun Malam Datti za su shigo, sai hoton ya sulale ƙasa ya koma kan ƙafa.

"Wuce gaba," in ji Maharazu. "Akwai a gaba."

Hananiya ya murɗa. A gaban ma haka. Suka saka kaset na biyu, haka. Duk inda dattijon ya ɗago kai, kyamara sai ta sunkuya kamar an danna ta. Abin da Maharazu ya ji a gona kamar ya daɗe yana kallo, a kaset ƙiftawar ido ce, ita ma dishi-dishi. Fuskar Baballe kuwa ga ta nan tar, ta gaba da ta gefe, har haƙorin Makkansa ana gani.

Hananiya ya jingina da kujera, ya dubi abokinsa, ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Mutumina, kyamara a kafaɗarka take. In ka sunkuyar da kai, ita ma sai ta sunkuya. Kai duk wunin nan gaisuwa kake ta yi wa Baba, ba mu sani ba."

Maharazu bai yi dariya ba. Gumi ne ya karyo masa cikin wannan sanyi.

Komawa gona ba ta taso ba, don kyamarar ta riga ta tafi Gumel da wasu ɗalibai, ba ranar dawowarta kusa. Ga shi kuma Baballe ya bi gari yana shelar cewa ranar Juma'a za a nuna shi a talabijin a zauren Malam Datti, har ya yi alkawarin kawo talabijin ɗinsa da bidiyo da janareta.

Da ba yadda za a yi, sai suka zauna suka yi aiki da abin da ke hannu. Maharazu ya shimfiɗa muryar Malam Datti tun daga farko har ƙarshe, ya riƙa ɗora hotuna a kanta. Inda ya ce a fara ba na ƙarshen layi, sai ga ƙafafunsa suna bin gaɓa har can nesa. Inda ya ce ƙasa ta ƙoshi, sai ga yatsansa ya nutse cikinta ya fito. Baballe kuwa duk inda aka sa shi sai ya ɓata zancen, dole aka cire shi ƙaf. A hankali tsoron ya ɗan lafa, daɗin aikin ya kama Maharazu. Ya manta da yunwa, yana murɗa gaba yana murɗa baya, yana neman daidai inda ruwa zai fito daga bututu ya haɗu da numfashin mai magana. Duk sanda ya dace, sai ya ji wani sanyi a ransa wanda bai taɓa ji a aji ba.

Malaminsu ya leƙo ana kusa da gamawa, ya tsaya a bayansu ya kalla.

"Aikin ya yi kyau," ya ce. "Amma ina mutumin? Ba na karɓar fim a kan mutum ba fuskarsa. In kyamara ta dawo, ka samo mini ita ko sau ɗaya ne."

Da ya fita, Hananiya ya rage murya.

"Na malaminmu mai sauƙi ne. Na Baba nake ji maka. Ka ce masa na'ura ce ta sami matsala, wa ya san kanta a garin? Ni zan tsaya maka shaida."

*

Ranar Alhamis bayan la'asar Maharazu ya durƙusa a ƙofar ɗakin Iya. Tsohuwar ta dube shi sama da ƙasa.

"Angon nawa yau ko aski babu. Ummulkhairi, zo ki ga abin da birni ya mayar mini da miji."

Ummulkhairi ta fito da faifan shinkafa, ta zauna nesa kaɗan, tana murmushi. Murmushin bai daɗe ba, don tana ganin idonsa ta san akwai magana.

"Yaya, lafiya? Fim ɗin ne bai fito ba?"

"Ya fito, Ummu. Baba ne bai fito ba."

Ya kwashe komai ya faɗa mata. Da farko ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa, dariya na neman ƙwace mata. Can sai dariyar ta tsaya cak, ta ajiye faifan.

"Kana nufin gobe, gaban dattawan layi, za a nuna Baba ba kai?"

"Hannunsa da ƙafarsa da muryarsa duk suna nan."

"Yaya Maharazu, ka san abin da za a ce? Cewa za a yi da gayya ka yi. Za a ce don ya ce a dakata, shi ya sa ka yanke shi ka kai wa mutanen birni su yi dariya." Hawaye suka ciko mata. "Jiya da yamma manyan Baballe suka sake zuwa. Tumatir ya kusa ƙarewa a gona. Ni duk kwanakin nan da fim ɗin nan nake kwana nake tashi, ina cewa in Baba ya ga kansa a ciki da mutunci, zai san sana'arka ba ta banza ba ce. Da shi nake rarrashin kaina."

"Wallahi ban yi da gangan ba. Na ɗaga, Ummu, na yi ta ɗagawa. Da ya dube ni sai in ji wuyana ya ƙi. Mahaifinki ne fa."

"Na yarda da kai. Ni ba sai ka rantse mini ba. Amma ni ce zan ba da aurena?"

Ta share ido da bayan hannu, wasu suka sake zubowa. Maharazu ya ji kamar ya haƙa rami ya shige. Tun da yake bai taɓa sa ta kuka ba sai yau, kuma da hannunsa.

"Hananiya ya ce in ce na'ura ce ta lalace."

Ta ɗago da sauri.

"Kada ka soma. Baba yana wuni yana sauraron mutanen da ke rantsuwa ba su taɓa ƙofar ruwa ba, yana gane mai ƙarya tun kafin ya rufe baki. In ka yi masa ya gane, shi ke nan an gama. Ni ma kuma, ko bai gane ba, ni na sani. Ba zan so in zauna da kai ina tuna da ƙarya aka ba ka ni ba."

"To in ya tambaye ni, in ce me?"

"Abin da ya faru. In ya so ya hana. Gara in yi kukan wannan."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Shi ke nan. Zan faɗa."

Iya, wadda duk zancen nan take ta ɓare goro kamar kurma, ta jefa ɓari a baki.

"Ku tsince mini shinkafata dai, kun jiƙa ta da hawaye," ta ce.

*

Ranar Juma'a bayan la'asar zauren Malam Datti ya cika. Baballe ya cika alkawari, har ya wuce. Ya ɗora talabijin a kan turmi biyu da katako, ya sa aka rataya tabarma a ƙofar waje don a sami duhu, janareta na ta ruri a gindin dalbejiya. Shi kansa ya zauna a sahun gaba da sabuwar hula. Dattawa suka jeru a kan buzaye, Malam Datti a tsakiyarsu. Mata suka taru a bayan ƙofar cikin gida, inda aka ɗan ɗage labule. Maharazu ya tsuguna can gefe kusa da takalma, Hananiya ya danna kaset.

Ruwa ya fito yana gangarowa, zaure ya ɗauki salati ƙasa-ƙasa. Wani ya gane gonarsa, ya nuna da yatsa. Sai murya ta fara, ga hannu a bakin bututu.

"Datti ne," in ji wani tsoho. "Ga tabon laujen nan a babban yatsa. Ina wurin aka yi shi."

Mutanen da suka shekara suna ganin wannan aiki kullum suka zuba ido kamar yau suka fara gani. Hannu yana toshewa, yana fizgowa, yana saki. Ƙafa tana tattake gaɓar da ta zube. Busasshiyar ƙasa tana shan ruwa tana canja launi. Maharazu bai kalli talabijin ba ko sau ɗaya, bugun zuciyarsa kawai yake saurare.

Fim ya ƙare.

"To, ina sauran?" in ji Baballe. "Ni ban ga kaina ba, wannan na yafe. Amma jama'a, ina Malam? Dattijo kamar wannan a nuna shi ba kai? Da wani ne ya yi, sai a ce kuskure. Amma kowa ya san abin da ke tsakani."

Zaure ya ɗauki gunaguni. Wasu suka gyaɗa kai, don maganar ta shige su. Maharazu ya ji kamar an zuba masa garwashi a ƙeya.

Malam Datti bai dubi Baballe ba.

"Hananiya, a sake sa shi."

Aka sake. Wannan karon dattijon ya matso gaba, ya dafa gwiwa. Duk inda hoton ya hau zuwa gemu ya sulale, sai ya ɗan runtse ido. Akwai wuri biyu da Maharazu ya kasa cirewa don maganar da ke kansu tana da muhimmanci, kuma duka biyun Malam Datti ya gan su sarai.

Da aka gama ya ce, "Maharazu."

"Na'am, Baba."

"Akwatin ne ya lalace?"

Hananiya ya buɗe baki, Maharazu ya riga shi.

"A'a, Baba. Lafiyarsa ƙalau."

"Na ga ya ɗauki balbela a sama tana tashi. Ashe yana iya kallon sama."

"Yana iyawa, Baba."

"To me ya hana?"

Maganar da Maharazu ya kwana yana shiryawa ta gudu ta bar shi. Ya motsa baki, ba abin da ya fito sai, "Ni ne na kasa."

"Matso nan."

Ya matso da gwiwa har gaban buzun.

"Ɗago ka dube ni."

Allah ya sani ya yi ƙoƙari. Ya ɗago ya ga gwiwa, ya ga aljihu da carbi a ciki, ya ga ƙarshen gemu. A nan wuyan ya ƙi, kan ya koma ƙasa da kansa, a gaban kowa, daidai yadda suka gani a talabijin yanzun nan. Tsohon nan mai maganar lauje ne ya fara sakin dariya, na kusa da shi ya kama, kafin ka ce me rabin zaure na dariya, irin wadda ba ta da ciwo.

Malam Datti bai yi ba, amma gemunsa ya motsa.

"Malamin naku ya gani?"

"Ya leƙo muna aiki, Baba. Ya ce ba zai karɓa ba sai da fuska."

"Yana da gaskiya. Aikin makaranta ba a barinsa rabi." Ya ja carbi. "In akwatin ya dawo, ku zo ranar da ruwa ya zagayo layinmu. Amma ka ba Hananiya ya ɗauka, kai ka riƙe masa jaka. Ba a sa suruki ya ƙura wa surukinsa ido."

Maharazu ya ji maganar, amma ba ta isa inda za ta isa ba sai da Hananiya ya taka masa yatsan ƙafa. Daga bayan labule aka ji kwano ya faɗi, aka ji gudun mutum ɗaya zuwa cikin gida, mata na dariya suna kiran sunanta. Baballe ya miƙe ya gyara hula, ya ce bari ya je ya kashe janareta kada mai ya ƙone a banza. Tsohon nan ya ɗaga hannu ya ce a yi fatiha, aka shafa.

Maharazu yana nan durƙushe. Yana so ya yi godiya, bakin ya ƙi, kan kuma ya ƙara yin ƙasa har goshinsa na neman taɓa tabarma. Daɗi ya cika shi.

Sai muryar Iya ta fito daga bayan labule.

"Datti, kai ma ka tashi ka ba mutane wuri mana, yaron nan ya samu ya ɗaga kai ya sha iska."

Malam Datti ya miƙe, ya nemi takalmansa, ya fita ba tare da ya waiwayo ba. Sai da ƙarar takunsa ta yi nisa Maharazu ya ɗago, fuskarsa sharkaf da hawaye, yana dariya.